Reshen Rimin Awo Dede

An sare darbejiyar da ta rage a lungunmu na Nima, wai bene za a ɗora a wurin. Samari ne suka zo da zarto mai inji, kowa da waya a aljihu, suka fara da hantsi, kafin a kira azahar sun loda ta a mota sun share wurin. Ina zaune a benci ina kallonsu. Ban ji haushi ba, itace ba ɗan'uwana ba ne, kuma ni kaina da saran rassa na ci abinci har gwiwa ta ƙi ni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba su tambayi kowa ba. Ba wanda ya je ya gaida wata tsohuwa, ba wanda ya ce itacen nan na wane ne, me ake yi masa, me ba a yi masa. A zamaninmu babban itace yana da mai shi, yana da dokarsa, ko ka yarda da dokar ko ba ka yarda ba sai ka san da ita kafin ka ɗaga adda. Wannan ne ya tuna mini da rimin Awo Dede, da abokina Hamidu, da wani abin harba igiya da ya haɗa don kada reshe ya faɗo wa mahaifiyarsa a ka.

Nima ta lokacin ba ta fi ta yanzu tsabta ba, kada wani tsoho ya yaudare ku. Kwata tana wari, ɗakuna a cushe, kwanon rufi ya yi tsatsa yana yoyo. Amma akwai itatuwa, kuma kunne yana da abin saurare. Da asuba kafin ladan ya gama za ka ji jemagu sun dawo kan rassa suna faɗa, sannan tsintsiya ta fara, sannan bokitai su yi layi a bakin famfo suna ƙara tun ruwan bai zo ba. Mai koko tana kira, mai waakye, shinkafa da wake, tana buɗe tukunya, yaran trotro, motocin haya, a bakin titi suna ta kiran Tudu, Tudu, Madina, har maƙogwaro ya bushe. Da rana tela yana taka kekensa, mahauci yana saran ƙashi, rediyon wani yana Hausa, na wani yana Turanci, wata tana zagin ɗanta da Twi don ta ce zagin ya fi shiga. Mu samari aikinmu da safe ɗiban ruwa ne da kai shara bakin kwata, wanda ya makara kuma ya ji muryar uwarsa tun daga lungu na uku. Yanzu janareta da lasifika sun haɗiye wannan duka, ƙara ɗaya ce daga safe har dare, ba ka san ta wane ce ba. A da kowane sauti da mai shi, in ka ji guduma a kan ƙarfe bayan la'asar ka san Hamidu ya taso daga aiki.

Ni sana'ata hawan itace ce. Kawuna ne ya koya mini, mutum mara magana wanda ya yi imani duka ya fi bayani saurin shiga. Mangwaro, kwakwa, darbejiya, duk gidan da reshe ya dame su sai a aiko a kira ni, har Maamobi da bayan Kasuwar Malam Atta. Itacen da hannu ke iya runguma, igiya a ƙugu ta isa. Wanda ya fi ƙarfin runguma kuwa, turakun ƙarfe muke bugawa a jikinsa, ka buga ɗaya ka taka, ka buga na gaba, har ka kai reshen farko. Kawu yakan ce hawa ko akuya ta iya, saukowa ita ce sana'a. Dattawan unguwa kuma duk sanda suka gan ni a sama sai sun ɗaga kai sun tuna mini cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ban taɓa musu ba. Ni dai abin da nake hangowa daga can rufin kwano ne da shanyar mutane, sai banɗakunan da ba rufi, inda mata ke aiko mini da zagi tun ban waiwaya ba.

Hamidu sa'ana ne, tare muka taso. Jikan tsohon soja ne, kakansa ya zo daga Arewa cikin kakin Turawa bai koma ba. Faci yake yi a bakin titi, wuni guda yana cikin taya da iska, amma zuciyarsa tana wurin wuƙa. Ba gadon ƙira ya yi ba, maƙeran gaske dariya suke masa, suna cewa mai faci ya ga wuta ya ɗauka tasa ce. Bai damu ba. Ya kafa 'yar rumfa a gefen tsakar gidansu. Sifirin mota da ya karye yake karɓowa wurin makanikai, ya sa a gawayi, ya zuga da wata fanka da ya haɗa da ƙafar keke, ya buga a kan guntun ƙarfen titin jirgi, ya goge da magagari har tafinsa ya yi kanta, sannan ya tsoma a baƙin mai, hayaƙi ya turnuƙe gidan, mata su fito suna tari suna tsine masa. Ƙotar kuwa ƙahon sa ne da yake roƙowa a mayanka. Damtsensa na hagu kullum ba gashi, don a nan yake gwada kaifi. Ba ya sayarwa. Wuƙa ɗaya takan ci masa makonni, in ya gama ya yi ta juya ta a hannu yana kallo, sannan ya ba wani. In Babbar Sallah ta zo, rabin ragunan lungunmu da wuƙarsa ake yanka su, shi kuwa yana bin gida-gida yana tambaya ko ta yi gardama a wuya. Yanzu je ka kasuwa, wuƙa tuli a faranti sai ƙyalli, ka yanka albasa biyu ta dakushe, ba kuma wanda zai biyo ka gida ya tambayi yadda ta yi.

Gidansu yana gindin rimin. Filin duka na dangin Awo Dede ne, wata tsohuwa daga cikin Ankarawa, wato 'yan asalin garin, waɗanda kakanninsu suka ba kakanninmu wurin zama. Ba a lungun take kwana ba, amma takan zo ta zauna a kujerarta tsakanin saiwoyin rimin, inda aka ɗaura farin ƙyalle, ta zuba abin da take zubawa, ta yi magana da wanda take magana da shi. Mu Musulmi ba ma tambayarta, ita ma ba ta tambayarmu abin da muke faɗa a sujada. Malaman unguwa suna cewa shirka ce, amma a inuwar suke hira in rana ta yi zafi. Mata suna tsintar audugarsa su cusa matashin kai. Iyayenmu sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. Mu dai ba mu ɗaura ba, amma ba mu taka ta kowa ba. Girman rimin kuwa, sai maza da yawa sun haɗa hannu kafin su zagaye gindinsa, kuma reshensa na farko ya fi duk wani bene da na sani a lokacin tsawo. Ban taɓa hawansa ba, kawuna ma bai taɓa ba.

Wata shekara da ruwan farko ya sauka, rimi ya yi sabon ganye, sai reshe ɗaya ya ƙi. Babba ne, kaurinsa ya kusa gangar mai, kuma ya miƙe daidai kan ɗakin Mma Azumi, mahaifiyar Hamidu. Ni na fara lura, don idona kullum a sama yake. Ɓawo ya fara zubowa a kan kwanonta, sannan garin itace irin na wanda ƙwari suka ci daga ciki. Na gaya wa Hamidu gaskiya, na ce reshen nan ba zai ga ƙarshen damina ba, kuma in ya sauko, ɗakin da abin da ke cikinsa sai dai a share. Mma Azumi a lokacin ido ya tafi, ƙafa ma ta kusa, daga tabarma sai bakin ƙofa. Bakinta dai yana nan da ƙarfinsa, ita ce ta raɗa mini Biri tun ina ƙarami, kuma ba ta taɓa kirana da wani suna ba. Maƙwabciyarta ta ce ta koma ɗakinta har a yi maganin abin. Ta ƙi. A ɗakin aka kawo ta amarya, a ciki ta haifi Hamidu, a ciki mijinta ya cika, ta ce ba ta taɓa kwana a ɗakin wata ba, ba kuma za ta fara da tsufa ba. Hamidu ya roƙa har ya gaji. Liman ya zo ya yi nasiha, ta saurare shi har ƙarshe, ta sa aka ba shi goro.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo," ta ce. "In ajali na yana bisa reshe, ko na je Madina zai same ni. Ku bar ni."

Sai muka tafi wurin Awo Dede da goro, da kwalbar abin da mutanenta ke karɓa, wadda muka sa wani ya sayo mana don kada a gan mu da ita. Ta zo ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Hausarta ta kasuwa ce, gajera, ba ta da kwana-kwana.

"Reshe wanda ya mutu, ya bar gida. Ku sare shi. Amma mai rai, ƙarfe ba ya shiga jikinshi. Ƙusa daabi, adda daabi, tsani mai ƙusa ma daabi."

Daabi a bakinta a'a ke nan. Na ce mata, Awo, in ba turaku yaya zan hau. Ta ce ita ba ta hawan itace, ba ta sani ba. Muka ce yoo, wato to, muka dawo. Hanya ɗaya ta rage, a rataya igiya a kan wani reshe mai rai da ke saman mataccen, in bi igiyar in hau ba tare da na taɓa gindin ba. Muka ɗaura dutse a zare muka yi ta jifa har kafaɗa ta sage, bai kai rabi ba. Muka gwada danƙon harbin tsuntsu, muka yi wani babba da robar tiyub, dutsen ya tafi abinsa ya fasa tulun wata mata a bayan masallaci. Muka ba ta haƙuri, ta karɓa bayan ta gama faɗin abin da ke ranta game da iyayenmu.

Dabarar daga wurin aikinsa ta zo wa Hamidu. Wata rana taya ta fashe yana ba ta iska, bawul ɗinta ya tashi ya haye rufin shagon da ke tsallaken titi, sai ya tsaya yana kallon sama, mai mota yana masa masifa bai ma ji ba. Ya samo ƙaramin tankin iskar birki na wata babbar mota da ta mutu. Ya sa mai walda ya liƙa masa bawul ɗin taya a gefe guda, a ɗaya gefen kuma kan famfo mai hannu, irin wanda juyi ɗaya ke buɗe shi gaba ɗaya, sannan dogon bututun ruwa. A bakin bututun ake cusa 'yar jaka da ya ɗinka da tamfol ya cika da yashi, an ɗaura mata zaren fatsa da muka sayo wurin masunta a bakin teku. Ka taka famfon ƙafa har tankin ya ƙoshi, ka saita, ka murɗa hannun, iska ta tura jakar sama, zaren ya bi ta. A faɗe abu ne mai sauƙi. A aikace jaka ta fashe ta yi mana wankan yashi, zare ya harɗe ya fizgo ta ta dawo kan ƙafata, iska ta yi ta zurara ta wajen waldar. Sai daga baya ya gane ba a naɗe zaren, a sake ake zuba shi cikin kwanon wanki, jakar kuma a shafa mata sabulu don ta zame. Lokacin mulkin soja ne, ba a wasa da abin da ya yi kama da bindiga, don haka ya shafe shi da shuɗin fenti irin na ƙofar shago. 'Yan lungu suka raɗa masa Mai Tari, saboda a gwajin da muke yi da iska kaɗan, tari kawai yake yi. Kwanan baya jikana ya nuna mini a waya wasu Turawa suna harba igiya kan itace da abu irin wannan, wai a kanti ake sayensa da takardar bayani. Na ce masa na taɓa gani, bai tambaye ni a ina ba.

Duk wannan gwaji lokaci yake ci, hadari kuma yana ƙara haɗuwa kowace yamma. Hamidu ya rame. In iska ta kaɗa yakan bar taya a buɗe ya rugo gida ya tsaya a tsakar gida yana kallon reshen. Mma Azumi tana jin sawunsa, tana ce masa ya koma wurin aikinsa kafin a sace masa famfo.

Ankarawa suna da wata al'ada. Kafin babban bikinsu na shekara, in sun yi shuka, sai su sa dokar shiru ta wasu makonni, ba kiɗa, ba busa, ba harbi, ko kukan mutuwa ba a ɗaga murya. Mun san da ita, duk wanda aka haifa a garin ya sani. Amma a Zango, unguwarmu ta baƙi, ba ta cika isowa ba, ladan yana kiransa, rediyo yana yinsa, takan zo ta wuce ba mu lura ba. Wuri ɗaya a lungunmu da dokar ke da ƙarfi shi ne gindin rimin. Mu kuwa hankalinmu duka ya tafi kan ƙarfe. Mun duba kowane abu don kada ƙusa ta kusanci itacen, har addar da Hamidu ya ƙera mini don aikin sai da ya ɗinka mata kuben fata mai kauri, kada ta gogi reshe mai rai ina hawa. Ba wanda ya tuna da shiru, har dattawan nan masu hangen nesa da suka fito da kujerunsu don kallo. Ranar da Mai Tari ya shirya muka kafa shi a gindin rimin, muka taka famfo fiye da yadda muka taɓa yi, don tsawon ba na wasa ba ne. Hamidu ya yi bisimilla ya murɗa. Wannan karon ba tari ya yi ba. Ƙarar ta fito kamar tayar babbar mota ta fashe a cikin ɗaki, jemagu suka tashi suka rufe sama, yara suka kwashe da ihu, mata suka yi guɗa, wani ya kifa bokiti ya fara kiɗa. Jakar ta tafi da kyau, amma ba ta kai reshen da muke so ba, mataccen ta haye ta sauko ta ɗaya gefen. Waldar kuma ta ɗan tsage. Muka ce ba komai, a gyara a sake.

Ba a sake ba. Muna dawowa daga wurin mai walda muka tarar da Awo Dede ta iso da maza biyu masu fararen zannuwa. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce an ji ƙarar har inda bai kamata a ji ba, yanzu maganar ta fi ƙarfinta, akwai abin da za ta je ta yi don gyara, kuma daga yau ba hawa, ba sara, ba harbi, sai an ɗage doka. Mazan suka karɓi Mai Tari suka tafi da shi, ban sake ganinsa ba. Hamidu ya durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba sai uwarsa.

"Awo, don Allah. Mma na yana ciki. Ba ya fita."

Ta dube shi, ta dubi zaren da ke reto daga reshen. Sai da mazan suka yi nisa ta buɗe baki.

"Igiya ba ƙarfe ba ne. Ba ya kuka kuma. Ni ban gani komai ba."

Da zaren muka jawo siririyar igiya, da siririyar muka jawo babba, igiyar roba irin wadda masunta ke jan taru da ita. Na yi zarge na ja har ya hau ya shaƙe reshen. Ba za mu karya shi da kanmu ba, an hana. Amma muka ja igiyar gefe, ta inda babu ɗaki sai filin shanya, muka ɗaure ta a jikin wani tsohon injin mota da ya nutse rabi a ƙasa gaban rumfar Hamidu. Nufin shi ne in reshen ya karye da kansa, igiyar ta fizge shi gefe ya sauka a fili, amma fa sai in tana ɗame. Igiyar roba kuwa tana da halinta, in ta sha rana da nauyi sai ta miƙe ta saki. Kowace safiya sai mun ƙara ɗame ta kafin kowa ya tafi aikinsa. Aka hana yara wasa a filin, mata suka kwashe shanyarsu. Mma Azumi tana jin mu daga bakin ƙofa, tana tambaya ko Biri ya bar hawa ya koma kamun kifi ne, sannan ta ci gaba da jan carbinta.

Hadarin ya zo bayan azahar, irin wanda ke taso wa gari daga gabas ba sallama. Ina lungu na gaba ina cin abinci. Da na ji kwanukan rufi sun fara tashi na ajiye abincin na ruga, na tarar Hamidu ya riga ni. Ruwan da aka yi ta yi ya jiƙa ƙasa, injin ya ɗan gusa, igiyar ta yi ciki tana lilo. Ba lokacin kwance ƙulli a sake ɗaurewa. Ya kama ta daga tsakiya ya ja da baya don ya cinye sakin, da ta fara zame masa saboda ruwa sai ya naɗa ta a hannun dama, ya sake naɗawa. Duk mai hawa ya san ba a yin haka. Ana riƙe igiya ne yadda in ta nemi tafiya za ka iya ba ta hanya. Shi kuwa mutumin ƙarfe ne, abin da ya sani shi ne in ka kama ka kama. Na kama a bayansa, wasu maza biyu suka kama a bayana, na ce masa a kunne ya warware hannunsa.

"Cale, abokina, in na warware zai zame," ya ce. "Ja kawai."

Ya ji ni sarai, kuma ya san abin da nake nufi. Reshen ya yi wata doguwar ƙara, sannan ya taho. Na ga ya nufi kwanon Mma, na ga igiyar ta miƙe, na ga ya juya a iska, ya shafi bakin rufin ya ɗebe kwano ɗaya, ya sauka a filin shanya, ƙasa ta girgiza. Mu na baya igiyar ta ƙone mana tafi ta watsar da mu cikin taɓo. Hamidu kuwa ta ja shi ta tafi da shi har sai da injin ya tsayar da ita. Bai yi ihu ba. Na same shi zaune a cikin ruwa yana kallon ɗakin, hannun yana kan cinyarsa. Ni na cire rigata na rufe shi don kada mata su gani.

A asibiti suka ceci babban yatsa da ƙaramin, ukun tsakiya ba a samu abin ceta ba. Daga baya ya koma faci, da hagu da abin da ya rage a dama, ya ci abincinsa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Guduma da magagari dai sun fi ƙarfin yatsa biyu, rumfar ta zama wurin ajiye gawayi. Da aka ɗage doka Awo Dede ta aiko da kaza da doya, ta ce kuma itacen reshen na Mma ne, aka daɗe ana girki da shi. Ban taɓa jin Hamidu ya zarge ta ba, ko ya zargi wani. Ni na yi baƙin ciki, kuma har yanzu ina yi. Rimin kansa ya tafi tuni, Awo Dede ta riga shi, shagunan sayar da waya ne a wurin, kuma masu shagunan ba su san an taɓa yin itace a nan ba.

Mma Azumi an ɓoye mata. Aka ce igiya ce ta goge shi, likita ya riƙe shi ya huta. Ranar da aka kwance masa bandeji na raka shi ya shiga gaishe ta. Ta miƙo hannu tana lalube kamar yadda ta saba, sai ya ba ta hagu. Ta ce ba haka ta koya masa gaida babba ba. Ya ba ta dama. Ta shafa babban yatsan, ta tsallaka wurin da babu komai, ta kai ƙaramin, ta dawo ta sake bi. Ta daɗe tana riƙe da hannun. Sannan ta juyo wajen da take jin numfashina.

"Biri, naɗe mini tabarma na. Kai ni ɗakin maƙwabciya."

Na ce mata, Mma, ai reshen ya sauka, yanzu ba abin tsoro a ɗakin nan.

"Na sani," ta ce. "Naɗe."

Na naɗe. Hamidu ya kama ta da hagu, na kama ta ta ɗaya gefen, muka fita da ita a hankali. Ba ta sake kwana a ɗakin ba har ta rasu.